Na katse waƙar Zumuntar Mata ranar da na fara shugabancin sujada, yanzu Mama ta daina amsa gaisuwata

Baba salama, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamin firamare ne, shekarata 29, ina sashen Hausa na wata ikilisiyar ECWA a bayan garin Kaduna. Bana aka zaɓe ni cikin dattawa kuma nine ƙaraminsu. Fasto ya sa ni a jerin masu shugabancin sujada, na yi na farko makon jiya, abin bai yi daɗi ba sam. Mun shiga 9:30 bayan masu Turanci sun fita, bamu tashi ba sai bayan ƙarfe 1. Hannuna sai rawa, na kira waƙar da kusan babu wanda ya iya, wajen karatu na yi ta tuntuɓe domin ni Bajju ne, Hausata ta kasuwa ce. 'Yan band suka yi waƙa uku ban ce komai ba, domin a cikinsu na girma, amma da Zumuntar Mata suka ɗauko ta biyu na ga lokaci ya ƙure sai na miƙe na ce a makirfo "mun gode iyayenmu, mun gode", suka tsaya a tsakiyar waƙa suka zauna. Kafin baƙon mai wa'azi ya hau mutane sun fara ficewa, ko minti 15 bai yi ba ya sauka. Tun ranar Mama, shugabar mata, wadda ƙawar mahaifiyata ce, in na gaishe ta sai ta kau da kai. Nan da mako uku layi zai sake zuwa kaina. Ina tunanin in ce wa Fasto ya cire sunana, ƙila ba baiwata bace. Me zan yi?

Salama ɗana, Ubangiji ya kwantar maka da zuciya.

Kada kaje wurin Fasto da maganar cire suna. Akwai inda zaka fara zuwa, gidan Mama ne, kuma a cikin makon nan, kar ka jira sai kun haɗu a bakin coci.

Inaso ka ga abinda ya faru da idon matan nan. Waƙar da ka katse ba ranar Lahadi aka fara ta ba. A tsakiyar mako suka taru, wata daga kasuwa wata daga gona wata da goyo a baya, suka zauna da tulu da caki suna maimaitawa har ta zauna musu a baki, da yawa daga waƙoƙin zumunta su da kansu suke tsarawa, kuma in ka kasa kunne zaka ji labari ne suke ja daga Littafi, baiti bayan baiti, saƙon yana can a ƙarshe. To kai ka tsayar da su kafin su kai wurin, a gaban mazansu da 'ya'yansu da surukansu, kuma kai ɗin yaro ne da wasunsu sun goya ka. Ko wannan ma da sauƙi. Abinda yafi ci musu rai shine sun ƙirga. Duk wanda ya zauna a majami'ar nan ya ƙirga waƙoƙin band, uku, kuma kowa ya san daga cikinsu ka fito. Kai kana ganin lokaci ka kiyaye, su kuwa son kai suka gani, kuma gaskiya ɗana ba zan ce maka sun gani ba daidai ba.

Saboda haka ka ɗauki mai ɗakinka kuje da yamma. Banda waya, banda saƙon WhatsApp. Ka durƙusa ka gaishe ta kamar yadda ka saba tun kana yaro, ka ce Mama na yi muku laifi, na bar 'yan band suka yi uku ku kuma na katse ku a gaban jama'a, ki gafarce ni. Ka tsaya nan. Kar ka ɗora "amma ai lokaci ne ya ƙure", da zarar ka ce amma ka kwashe haƙurin da ka bayar. In tayi faɗa ka saurara har ta gama. Sannan ka roƙe ta izinin zuwa taronsu na mako ka faɗi haka a gaban sauran matan, tunda ba ita kaɗai aka kunyata ba. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan kaje ku shirya tukuna. In an faɗa wa mai kawo baiko haka, ina ga wanda zai tsaya gaba ya ce jama'a mu tashi mu yi addu'a?

Baƙon mai wa'azin ma yana binka kira ɗaya. Ka karɓi lambarsa wurin Fasto ka ba shi haƙuri, mutum ya shirya saƙo ya biya kuɗin mota ya zo.

Yanzu maganar baiwa. Na sake karanta wasiƙarka ina neman inda rashin baiwa ya nuna, ban gani ba. Waƙar da ba a iya ba, tuntuɓe a karatu, ƙungiyoyi kowa yayi yadda ya ga dama, mai wa'azi ya rasa lokaci, duk abu ɗaya ne ya haife su, ka hau bagade da safiyar Lahadi da aikin da ya kamata a gama tun Laraba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba laifinka bane kai kaɗai, a ikilisiyoyinmu da yawa suna kawai ake mannawa a allo a ce wane kai ne ranar kaza, babu mai zama da yaro ya nuna masa yadda ake yi, abin yana damuna ƙwarai. Rawar hannu kuwa, Musa ya ce wa Allah shi mai nauyin baki ne a Fitowa 4:10, Irmiya ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, babu wanda aka cire sunansa a cikinsu.

Ranar Litinin ko Talata ka kira wanda zai yi wa'azi. Ka tambaye shi nassin, da kan magana, da minti nawa yake bukata. Daga nan ake gina komai, a ware na wa'azi tukuna sannan a raba saura, ba a bar wa wa'azi abinda ya rage ba. Kai malami ne, bari mu yi lissafi. A ce kun shiga 9:30 kuna son tashi 11:45, minti 135 kenan. Wa'azi 40. Addu'o'i duka 15, karatu 7, waƙoƙin littafi guda uku 15, baiko 15, sanarwa da marabtar baƙi 10, albarka 3. Ya kama 105. Saura 30, in kowace ƙungiya ta ɗauki minti 6 ƙungiya biyar kenan, waƙa ɗaya ɗaya. Misali ne kawai na baka, ku kun san yanayinku, amma ka zauna da biro kayi naka, zaka ga abinda ya faru ranar ba mamaki bane, tun kafin a fara lissafin bai fita ba.

In ƙungiyoyinku sun fi biyar, kuma na san sun fi, kwaya da band da Zumuntar Mata da ta maza da ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da matasa da yaran makarantar Lahadi, to dole a yi juyi, wasu wannan mako wasu mako mai zuwa, ko a ba wata ƙungiya ta raira lokacin da ake zagayen baiko. Amma wannan ba hukuncinka bane kai kaɗai, kar ka yanke shi da kanka ka sake jawo wata rigimar. Ka kai wa Fasto takardar lissafinka, shi ya kawo ta zaman dattawa, in an amince sai ya zama tsarin ikilisiya, duk wanda ya hau shi zai bi, ba dokar wani yaro ba.

Bayan haka ka bi shugabannin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya a wurin koyon waƙarsu, ka faɗa musu da bakinka. Kuma ka fara da band. Ka gaya wa abokanka ranar nan waƙa ɗaya ce, kuma in za a rage wa wani to ku za a fara rage wa. Za su ji haushi, ƙila su ce ka zama dattijo ka canza, ka jure. Matan za su ji labari kafin Lahadi, kuma wannan zai yi maka aikin da dogon bayani ba zai yi ba.

Zancen Hausarka, ka cire shi a ranka. Ka duba bencin nan da kyau, Bajju ne da Atyap da Ham da Gbagyi da Adara, ga Tangale ga Ngas ga Bura, mutum nawa ne a ciki suka sha Hausa a nono? Hausa ce ta haɗa mu a sujada domin ita kowa yake ji, kuma wadda kake kira ta kasuwa ita suke ji sosai. Abinda karatu yake so shine maimaitawa. Ka karanta nassin da ƙarfi a gida kowace rana, ba a zuci ba, da murya, matarka tana ji. Ka ja layi a ƙarƙashin sunaye masu wuya, ka sa alama inda zaka ja numfashi, in akwai kalmar da baka sani ba ka tambayi wani tsoho tun kafin ranar. A Nehemiya 8:8 an ce sun karanta Shari'a a fili suka bayyana ma'anarta har jama'a suka fahimta. Bulus ma da yake yi wa Timoti gargaɗi, saurayi kamarka, a 1 Timoti 4:12-13, bayan ya ce kada kowa ya rena ƙuruciyarsa sai ya ce ya lazimci karanta wa jama'a Littafi. Ka tuna akwai tsofaffi a gabanka da basu iya karatu ba ko idonsu ya daina gani, abinda ka karanta musu shine Littafin da za su ji a wannan makon gaba ɗaya. Don su zaka rage gudu.

Sannan ka san wace fassara ce a hannun jama'arka, wannan yana rikita masu shugabanci da yawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, kuma har yau akwai iyayenmu da shi suke riƙe, shi suka haddace. Wata fassarar ta fito a 1979, yara kuma ga wasu sababbi a wayoyinsu. Sunayen littattafan ma ba ɗaya bane, mai tsohuwar fassara Matta da Yohanna ya sani, mai ta 1979 Matiyu da Yahaya, wancan Kubawar Shari'a wannan Maimaitawar Shari'a, wancan Ru'ya ta Yohanna wannan Wahayin Yahaya. Ka tambayi mai wa'azi wacce zai riƙe ka karanta daga ita, in sunan ya bambanta ka faɗi duka biyun, ka kira sura da aya sau biyu, ka dakata har ƙarar buɗe shafi ta lafa sannan ka fara.

Waƙoƙin littafi kuma kada ka zaɓa kai kaɗai a ɗaki. Ka zauna da malamin kwaya da mai buga kibod da Littafin Waƙoƙi a hannu, ka gaya musu nassin, ku nemi waɗanda suka tafi da shi. Ga yadda zaka gane waƙa ta jama'a ce, in an ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi za su iya rairawa har ƙarshe ba kiɗa? In eh, ɗauke ta. In kana son shigo da wadda ba a saba ba, ɗaya tak, kuma kwaya ta fara koyonta. Ka roƙi mai kibod kar ya ɗaga murya sama inda tsofaffi ba za su kai ba. Idan kun shirya da Mama ma ka tambaye ta wace waƙa ce mata suka daɗe basu ji an kira ba, zaka sha mamakin abinda ta sani.

Addu'ar roƙo ita nafi so ka ba lokaci a shirinka, domin a nan ake gane ko mai shugabanci ya san mutanensa. Ka tambayi Fasto da shugabannin ƙungiyoyi waye ba lafiya, waye aka yi wa rasuwa, wa ya haihu, ɗan wa zai zauna jarrabawa, dangin wa ke hannun masu garkuwa, wa ya baro ƙauye ya kasa komawa gonarsa. Ka rubuta. Amma kafin ka ambaci sunan mutum da ciwonsa a makirfo ka nemi izininsa, akwai abinda iyali basu so ya fita. Ka yi addu'a domin ƙasa da masu mulki kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta ce, da maƙwabtanmu Musulmi da muke unguwa ɗaya kasuwa ɗaya, ba tare da ka shigo da jam'iyya ba. Kada addu'a ta zama wurin habaici, kada ta zama wa'azi da ido a rufe. Bulus ya yi tambaya a 1 Korintiyawa 14:16, wanda bai fahimci abinda kake faɗa ba ta yaya zai ce Amin? Ka riƙe wannan tambayar, gajerun jimloli, Hausa mai sauƙi, abubuwan da mutane ke ɗauke da su da gaske. In wani zaka ba addu'a ka gaya masa tun Alhamis, ka faɗa masa a kan me. Kiran mutum ba zato a tsakiyar jama'a yana kunyata mai kunya, mai son magana kuma ya riƙe makirfo minti goma.

Sanarwa duk ta bi ta hannun sakatare a rubuce kafin daren Asabar. Wadda ta shafi ƙungiya ɗaya a tura ta gurup ɗinsu. Iyalin da ke son yin godiya su ga Fasto tun cikin mako a san da su a lissafi.

Sai abinda zan roƙe ka da dukan zuciyata, ka rage maganarka. Mai shugabanci da tsoro ya kama yakan cika kowane gurbi da surutu, kafin waƙa bayani, bayan waƙa bayani, a tafa wa kaza a sake tafawa, in ka tara waɗannan kaɗai sai ka samu rabin awa. Mafi nauyi a ciki shine bayan wa'azi, mutum ya sauka zukata sun yi laushi wani yana fama da abinda ya ji, sai shugaban sujada ya karɓi makirfo ya ce kamar yadda bawan Allah ya faɗa, ya sake wa'azin daga farko. Kada kayi haka ɗana. Kira waƙar rufewa, ka miƙa wa Fasto ya sa albarka. Ka rubuta ainihin kalmomin da zaka faɗa tsakanin abu da abu, layi ɗaya ko biyu, ka buɗe da 'yan ayoyi daga Zabura kamar ta 95 ko ta 100 maimakon dogon gaisuwa. Takardar nan ka ajiye ta a kan bagade kar ka riƙe a hannu, rawar hannun ba mai gani, kuma da ka san abinda zaka faɗa na gaba rabin tsoron ya tafi.

Daren Asabar ka kwanta da wuri. Da safe ka iso tun masu Turanci basu fito ba, ka ga mai kula da na'ura, batirin makirfo, man janareto, ku shiga ofis da Fasto da mai wa'azi ku yi addu'a, wannan addu'ar kar ka bari gaggawa ta cinye ta. 9:30 ta buga ka fara ko benci uku ne suka cika.

Duk da haka wata rana lokaci zai kufce maka, haka taron mutane yake. In ya faru ka rage naka, ka rage baiti a waƙar littafi, ka taƙaita sanarwa. Kar ka taɓa wa'azi, kuma kar ka sake tsayar da ƙungiya a tsakiyar waƙa, in sun zarce ka bari su gama kaje ka same su cikin mako. Nasan wani zai ce ai ba a yi wa Ruhu agogo. Ni dai nasan waɗanda suke biyan kuɗin doguwar sujada, yaran Birged, wato ƙungiyar yaran coci masu yunifom, da ke tsaye a ƙofa cikin rana suna duba masu shiga tun safe, uwa mai jariri, tsoho mai ciwon suga da bai karya ba, ma'aikaciyar asibiti mai shiga aikin rana, matar da mijinta baya zuwa coci yana jira a gida yana duba agogo, malaman makarantar Lahadi da yara sun gaji a hannunsu. Su ne suka fara ficewa ranar nan, ba don basa son Maganar Allah ba. Kuma babin nan da ya fi kowanne magana a kan baye-bayen Ruhu a cikin taro, 1 Korintiyawa 14, shi ne ya rufe da cewa a yi komai yadda ya dace bisa tsari.

In kaje wurin Fasto da takardar lissafin, ka roƙe shi abu ɗaya, ya haɗa ka da wani dattijo da ya daɗe yana wannan aiki, ku duba tsarinka tare ranar Juma'a, ranar Lahadi kuma ya zauna kusa da kai. Bayan an tashi ka tambaye shi, ka tambayi matarka, me ya tafi daidai me zan gyara. Ka yi haka har ƙarshen shekara. In ka shirya da gaske sau da yawa kuma har lokacin kana jin wannan ba wurinka bane, to sai ku zauna da Fasto, akwai ziyarar marasa lafiya akwai koyar da yara akwai lissafin kuɗi, babu kunya a ciki. Amma ba yanzu ba, ba bayan Lahadi ɗaya da ka hau ba shiri ba.

Ka gaida mai ɗakinka da Fasto.